Aikin Zayyana Masana'anta a Rukuni: Jagora ga Ɗaliban Injiniyancin Sinadarai

Duk ɗalibin injiniyancin sinadarai da ya kai aji biyar zai haɗu da wani aiki da bai yi kama da kwasa-kwasan da ya saba ba. Za a haɗa shi da mutum huɗu ko biyar, wani lokaci fiye, a ce su zayyana masana'anta sukutum a kan takarda, tun daga inda ɗanyen kaya ke shigowa har inda ake loda wa mota abin da aka sarrafa, su kuma faɗi kuɗin da za ta ci da ribar da za ta kawo. Ƙannena 'yan Katsina da Daura da ke wannan karatu a Zariya, Kano, Minna, Bauci ko Maiduguri, da ku nake. Misalin da zan bi daga farko har ƙarshe ma na gida ne: masana'antar da za ta sarrafa farar ƙasar Ƙanƙara ta zama alif na tace ruwan sha.

Ba don a rage wa malamai wahalar duba takardu ake yin aikin a rukuni ba. Hukumar COREN, wadda ke tantance kwasa-kwasan injiniya a ƙasar nan, ta zama cikakkiyar mamba a yarjejeniyar Washinton, wadda ƙasashe ke amincewa da digirin injiniyan juna a ƙarƙashinta, a 2023, kuma cikin abubuwan da wannan tsari ke son a gani a wurin wanda ya kammala akwai iya zayyana da iya aiki cikin jama'a. Babu masana'antar da mutum ɗaya ke zayyanawa.

Abin da ke kayar da yawancin rukunoni ba wahalar lissafi ba ce. Tun ranar farko sukan raba rahoton babi-babi, kowa ya tafi da nasa, sai saura mako guda su haɗa. A gayya hakan na yiwuwa, kowa ya kama kunyarsa ya nome, ba ruwansa da ta maƙwabcinsa. A masana'anta kuwa abin da ya fito daga na'urar wane shi ke shiga na'urar wance. In lambobinsu suka saɓa, rahoton ya zama tarin takardu kawai. Duk matakan da ke tafe an jera su ne don kauce wa wannan.

Mataki na farko: zaman da ba a taɓa lissafi

Ku keɓe zaman farko don tsara kanku. Ku zaɓi shugaba, kuma ba dole ne ya zama wanda ya fi kowa maki ba. Wanda ake buƙata shi ne mai iya kiran mutum a waya ya tuna masa alƙawari ba tare da an yi faɗa ba. Ku zaɓi magatakarda mai rubuta abin da aka yanke a kowane zama, da wanda aka ɗora wa kowane aiki, da ranar kawowa. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne mai riƙon fayil: mutum ɗaya tak da ke da ikon canza lamba a babban fayil ɗin lissafi.

Ku sa lokacin zama wanda kowa zai iya zuwa. In akwai mata a rukunin, ko masu aure da ke zaune a cikin gari, zaman ƙarfe goma na dare cire su ne daga aikin ba tare da an faɗa ba. Bayan la'asar zuwa magariba ya fi dacewa da kowa. Ku yanke maganar kuɗin data da na buga takardu tun yanzu. Zauren WhatsApp na sanarwa ne; fayiloli su zauna a wuri guda kamar Google Drive, don kwamfutar mutum ɗaya na iya mutuwa ana saura kwana uku.

Mataki na biyu: me za ku sarrafa, kuma wa zai saya?

Wasu sassan su ke ba da batu, wasu su bar ku ku kawo. In an ba ku zaɓi, ku ɗauki abin da za ku iya samun bayanansa kuma ku iya kare dalilinsa. Jihar Katsina ba ta rasa irin waɗannan: man angurya daga audugar Funtuwa da Malumfashi, mai daga 'ya'yan bedi, sitaci ko itanol daga dawa da masara. Na zaɓi alif ne saboda hujjarsa a fili take. Ruwan madatsun Ajiwa, Zoɓe, Jibiya da Sabke yakan yi laka, musamman da damina, kuma alif ne ke tattara lakar ta kwanta kafin a tace. Ga farar ƙasa a Ƙanƙara, wadda masu bincike a jami'ar Ahmadu Bello suka daɗe suna aiki a kanta, saboda haka akwai rubuce-rubucen da za ku jingina da su.

Ku fayyace ainihin abin da za ku fitar. Alif ɗin da ake sayarwa a kasuwa mai kama da ƙanƙara galibi yana ɗauke da fotashiyam ko amoniyam. Na gidan ruwa kuwa alminiyam salfet ne, wanda ake sayarwa da kimanin kashi 17 cikin ɗari na alumina, wato alminiyam oksaid. Rukunin da bai bambance su ba, zai yi lissafin wani abu, ya nemo farashin wani.

Mataki na uku: takardar tushe

Kafin kowa ya taɓa kalkuleta, ku rubuta shafi ɗaya ko biyu da ke ɗauke da lambobin da kowa zai yi aiki da su. Yawan abin da za a fitar: a ce tan 10,000 a shekara. Awannin aiki: 8,000 a shekara, wato an bar kimanin wata guda don gyara da tsayawar dole. Abin da ke cikin ɗanyen kaya. Ingancin abin da za a fitar. Zafin iska da na ruwan sanyaya na'urori. Ma'aunan da za a yi amfani da su: kilogiram a awa, digirin Salshiyas, kilowat. Canjin dala da ranar da aka ɗauke shi.

Duk lambar da ba aunawa kuka yi ba, ku rubuta inda kuka samo ta, ko ku rubuta ƙarara cewa zato ne. Zato ba aibi ba ne a zayyana. Ɓoye shi ne aibi. Ku kai wa malamin da ke duba ku wannan takarda ya sa hannu. Ranar da wani ya ce “ni ai kwana 300 na ɗauka”, takardar ce za ta raba gardama.

Mataki na huɗu: zaɓen hanya

Kowane sinadari yana da hanya fiye da ɗaya. Ana yin alif daga alminiyam haidiroksaid, hanya mai tsabta da sauƙi amma kayan sai an shigo da su da dala. Ana yi daga boksait, ma'adinin da ake samun alminiyam daga gare shi. Ana kuma yi daga farar ƙasa. Ku jera su a tebur, ku gwada su ta fuskar samuwar kaya, tsada, makamashi, haɗari da shara. Kada ku ba da maki don kawai hanyar da kuke so ta ci. Masu jarrabawa sun san wannan dabarar.

Hanyar farar ƙasa ga yadda take. A wanke ƙasar a cire yashi da tsakuwa, a busar, a niƙa. A gasa ta a tanderu tsakanin digiri 600 zuwa 800, inda ruwan da ke ɗaure a jikinta zai fita ta zama metakawolin. Dalilin gashin shi ne ɗanyar ƙasar ba ta sakin aluminarta ga asid da sauƙi. In kuma zafi ya wuce gona da iri, ya doshi digiri 950 zuwa sama, sai ta rikiɗe ta sake taurin kai, an ƙona mai a banza. Daga nan a dafa ta da salfurik asid da aka sirka da ruwa, a tace a fitar da silika, a ƙafe ruwan har ya yi kauri, a zuba ya daskare, a farfasa, a zuba a buhu. Ku zana wannan da akwatuna da kibau a allo, kowa na tsaye, ku ba kowace kibiya lamba. Waɗannan lambobin ba za su sake canzawa ba har ranar kare aiki.

Mataki na biyar: lissafin shiga da fita

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne ba a rabawa. Kowa ya zauna, kowa ya riƙe biro.

Ku fara daga ƙarshe ku dawo baya. Tan 10,000 a awa 8,000 ya ba da kilogiram 1,250 na alif a awa. Kashi 17 cikin ɗari na wannan shi ne kilogiram 212.5 na alumina. Tsantsar kawolinait, ainihin ma'adinin da ke cikin farar ƙasa, Al2Si2O5(OH)4, tana da kimanin kashi 39.5 na alumina, 46.5 na silika, da 14 na ruwa, amma ƙasar da aka haƙo ba ta kai haka. A matsayin misali, mu ɗauka bayan wanki tana da kashi 36, kuma asid na iya zaro kashi 80 na abin da ke ciki. Ke nan ana buƙatar 212.5 a raba da 0.36 sau 0.80, wato kimanin kilogiram 738 na wankakkiyar ƙasa a awa. Naku lambobin za su fito ne daga gwajin ɗakin bincike ko daga binciken da aka wallafa.

Sai asid. Kowane mol ɗaya (ma'aunin ƙidayar ƙwayoyin sinadari) na alumina yana cin mol uku na salfurik asid. Nauyin mol na alumina 102 ne, na asid 98, saboda haka kilogiram ɗaya na alumina yana cin kusan 2.89 na asid. Ke nan kimanin kilogiram 613 a awa na tsantsa, ko 626 na mai ƙarfin kashi 98 da ake sayarwa, kafin a ƙara abin da baƙin ƙarfe da sauran datti za su cinye.

Yanzu ku dubi abin da ya rage, don nan ake gane wanda ya fahimci aikin. Cikin kilogiram 738 ɗin akwai alumina kusan 266, an zaro 212.5, saura 53. Silikar da ke tare da ita ta kai wajen 313. Ke nan kowace awa matata za ta tara sama da kilogiram 360 na busasshen tuƙa, kusan tan 3,000 a shekara, ban da ruwan da ke jikinsa mai tsamin asid. Ina za a kai shi? Rukunin da bai yi wannan lissafin ba, zai zana masana'anta mai kyan gani wadda za ta binne kanta cikin shekara biyu. Wanda ya yi kuwa zai fara tunanin sayar da silikar ga masu siminti ko masu sodiyam siliket.

Ku gwada kuma: in zarowar ta faɗo daga kashi 80 zuwa 70, ƙasar da ake buƙata ta tashi daga 738 zuwa 843. Tanderu ya ƙara girma, matata ta ƙara girma, man gashi ya ƙaru. Lamba ɗaya ta motsa na'urori biyar. Shi ya sa lissafin zai zauna a fayil ɗin Excel guda, kowane ɗakin tebur na jawo lambarsa daga na gabansa, ba a buga lamba da hannu sai a shafin zato. Duk mai son canji ya kawo wa mai riƙon fayil, a canza, a sa kwanan wata, a sanar da kowa.

Abin da ke rikita ɗalibai shi ne layin da ke komawa baya. Ruwan da aka wanke tuƙa da shi yana ɗauke da alif, zubar da shi asara ne, saboda haka ana mayar da shi a sirka asid da shi. Da zarar an yi haka, abin da ke shiga tukunyar haɗi, inda ake dafa ƙasa da asid, ya dogara da abin da ya fito daga cikinta. Mafita ita ce ku fara daidaita masana'antar gaba ɗaya kamar akwati guda, sannan ku shiga ciki. A ƙarshe ku tara duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita, jimla da kuma sinadari-sinadari: alminiyam, salfa, silikon. In ba su zo ɗaya ba, ba ku gama ba, komai gajiya.

Mataki na shida: makamashi da yanayin garinmu

Wurare biyu ne ke shan wuta a wannan masana'anta: tanderu da maƙafar ruwa. Ƙafe kilogiram ɗaya na ruwa a digiri 100 yana cin kilojul 2,257, wato tan ɗaya a awa na buƙatar kimanin kilowat 627. Duk bokitin ruwan da kuka ƙara wajen sirki ko wanki, sai kun biya kuɗin ƙafe shi. Mai tukunyar haɗi yana son ruwa da yawa don abin ya motsu, mai maƙafa yana son kaɗan. Wannan gardamar ita ce zayyana, kuma ba ta faruwa in kowa na ɗakinsa.

Littattafan da kuke karantawa an rubuta yawancinsu a Ingila da Amurka, kuma misalansu na ɗaukar ruwan sanyi da ba mu da shi. A Katsina zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Ku zayyana na'urorin sanyaya bisa ranar da ta fi zafi. Ku tuna da ƙurar hunturu, wadda ke toshe matatun iska. Ku tanadi janareta ko wata madogara ga na'urorin da tsayawarsu farat ɗaya ke jawo ɓarna: tanderu mai juyawa in ya tsaya da zafinsa yana iya lanƙwashewa, alif kuma in ya huce a cikin bututu sai ya daskare ya toshe shi.

Mataki na bakwai: yanzu ne ake rabo

Sai lissafin shiga da fita da na makamashi sun zauna, kowa ya yarda da su, sannan a raba. Kuma na'urori ake rabawa, ba babi ba. Ɗaya ya ɗauki tanderu, ɗaya tukunyar haɗi, ɗaya matata, ɗaya maƙafa, ɗaya tankuna da famfuna da bututu. Kowa zai fitar da girman na'urarsa, kaurin bangonta, abin da za a ƙera ta da shi, yadda za a sarrafa ta, da kuɗinta, ya cika mata takardar bayani shafi guda.

Ku haɗa kanku bibbiyu don duba juna: mai matata ya sake lissafin mai tukunya da hannunsa, ba ya karanta ya gyaɗa kai ba. A kamfanonin zayyana kowace takardar lissafi tana da gurbin sa hannun wanda ya yi da na wanda ya duba.

Mai tukunyar haɗi ya kula da abu biyu. In zubi-zubi za a yi, lokacin zubi ba lokacin dahuwa kaɗai ba ne. Akwai cikawa, ɗumamawa, juyewa da wankewa. In duka suka kai awa shida, zubi huɗu ke nan a yini, kuma sai an sa tukwane biyu ko tankin jira don na'urorin gaba su samu abinci ba yankewa. A bar sarari a sama saboda kumfa. Na biyu, ƙarfen da za a ƙera ta. Abin mamaki, salfurik asid mai ƙarfin kashi 98 ana ajiye shi a tankin baƙin ƙarfe ba matsala in ba zafi, amma da an sirka shi da ruwa aka ɗumama sai ya cinye ƙarfen. Saboda haka tukunyar na buƙatar shafe na roba ko bulo mai jure asid. Wannan tambaya ce da masu jarrabawa ke so ƙwarai.

Game da manhajoji: Aspen Plus da Aspen HYSYS su ne sanannu, DWSIM kuma kyauta ce ga wanda sashensu ba shi da lasisi. Sun fi ƙwarewa a kan gas da ruwa-ruwa, irin aikin matatar mai. Aiki mai ƙasa da laka kamar namu, Excel mai tsabta ya fi kwaikwayon da ba wanda ya gane. In kun yi amfani da manhaja, ku gwada amsarta da lissafin hannu ko da a na'ura ɗaya ce.

Mataki na takwas: haɗari

Wannan ma zaman kowa ne. Ku shimfiɗa zanen bututu da na'urorin aunawa a tebur, ku bi tsarin binciken haɗari na HAZOP, wanda kamfanin ICI na Ingila ya ɓullo da shi a shekarun 1960. Ana ɗaukar layi ɗaya, a yi masa tambayoyi da kalmomin jagora: babu, ya yi yawa, ya yi kaɗan, ya koma baya, wani abu daban ya shigo. Ga kowace tambaya a rubuta sanadi, sakamako, kariyar da ke akwai, da abin da za a ƙara.

Ɗauki layin sirka asid. Ƙa'ida ita ce asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid, saboda zafin da haɗuwarsu ke fitarwa na iya tafasa ruwan nan take ya yi tsartuwa. To, in famfon ruwa ya tsaya, na asid bai tsaya ba fa? Amsar ita ce makulli mai aiki da kansa da zai hana bawul ɗin asid buɗewa sai ruwa ya kai wani matsayi. In ruwan sama ya shiga tankin asid fa? In tankin ya fashe, akwai katangar da za ta tare abin da ya zube? Ina wurin wanke ido da jiki mafi kusa?

Kada ku ɗauki wannan a matsayin cika shafi. A Bofal ta Indiya, a Disambar 1984, ruwa ne ya shiga tankin metil aisosayanet, iskar da ta fita ta kashe dubban mutane. A Filiksboro ta Ingila, a 1974, bututun wucin gadi da aka haɗa ba tare da cikakken lissafi ba ya fashe, mutum 28 suka mutu.

Mataki na tara: wuri, muhalli da kuɗi

Ina za a kafa ta? Kusa da Ƙanƙara an rage dakon ƙasa. Funtuwa na da manyan hanyoyi da tashar tsandauri, ga kusanci da Zariya da Gusau, kuma asid daga kudu zai taso. Birnin Katsina na da ma'aikata da kasuwa, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka tsara ya bi ta Daura, Katsina da Jibiya. Ku sa tsaron hanya da na ma'aikata cikin ma'aunanku a fili, don mai zuba jari zai sa. Ku ambaci dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 da hukumar NESREA mai sa ido kan dokokin muhalli, ku nuna yadda za ku kashe tsamin ruwan shara da farar ƙasa ta gini, wato laim, kafin a sake shi.

Kuɗi kuwa kowa ya kawo farashin na'urarsa. In farashin da kuka samu na wani girma ne daban, ku bi ƙa'idar shida bisa goma: a ɗaga rabon girman zuwa 0.6, wato ninka girma sau biyu na ƙara kuɗi kimanin sau 1.52 ne kawai. In na tsohuwar shekara ne, ku sabunta shi da ma'aunin CEPCI, mai nuna sauyin farashin kayan masana'antar sinadarai shekara-shekara. Daga jimlar kuɗin na'urori zuwa kuɗin kafa masana'anta, ma'aunin Lang, wato adadin da ake ninka kuɗin na'urori da shi, ya ba da 3.10 ga masu sarrafa daskararru, 4.74 ga masu ruwa-ruwa, 3.63 ga masu haɗa biyun, irin tamu. Ku ƙara dako daga tashar jiragen ruwa, kuɗin kwastan da jarin juyawa.

Irin wannan ƙiyasi na iya kaucewa da kusan kashi 30 sama ko ƙasa, saboda haka rubuta kuɗin har da kwabo abin dariya ne. Ku fitar da shekarun mayar da jari da darajar ribar a kuɗin yau, sannan ku girgiza lissafin: dala ta tashi da kashi 20, asid ya yi tsada, mai saye ya jinkirta biya wata shida. In masana'antar ba ta da riba, ku faɗa, ku nuna abin da zai sa ta samu. Ba a rage maki don an ce ba riba. Ana ragewa in an ga an murɗe farashi don a samo ta.

Wanda ba ya aiki

Kusan kowane rukuni na da shi. Kada ku yi shiru har ƙarshe sannan ku fashe. Shugaba ya same shi shi kaɗai tukuna. Sau da yawa ba lalaci ba ne, bai gane ba ne yana jin kunyar tambaya, ko wata lalura ce a gida. A ba shi aiki ƙarami mai iyaka da rana. In aka yi haka sau biyu bai motsa ba, ku je wurin malami da littafin magatakarda, ba da ƙorafin baki ba: “Ranka ya daɗe, ga abin da aka ba kowa, ga abin da ya shigo.” Kishiyarsa ma matsala ce, wato gwanin da ke ƙwace komai ya yi shi kaɗai cikin dare. Ranar kare aiki ba zai iya amsa wa mutum biyar ba.

Mataki na goma: rahoto da ranar karewa

Kowa ya rubuta nasa, amma mutum ɗaya ya bi rahoton daga bango zuwa bango ya daidaita shi. Lambar layi a zane ta zama ita ce a tebur, ita ce a lissafi. Dogayen lissafai su koma rataye a baya. Taƙaitaccen bayanin farko shi ake rubutawa a ƙarshe, kuma ya ƙunshi lambobi: nawa za a fitar, nawa za a kashe, yaushe jari zai dawo. Kwafo rahoton 'yan shekarar baya ya fi saurin tonuwa a nan fiye da ko'ina, domin lambobinsu ba za su dace da takardar tushenku ba. Haka abin da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuto: duk lamba ko madogarar da ta bayar, sai kun gan ta da idonku a littafi.

Saura mako guda, ku yi gwajin karewa a aji, ku gayyato 'yan wani rukuni su yi muku tambayoyi ba sani ba sabo. Ku yi musanya: mai tanderu ya yi bayanin matata, mai kuɗi ya yi bayanin haɗari. Masu jarrabawa kan nuna wanda ya fi yin shiru su ce ya bi layi na bakwai ya faɗi abin da ke cikinsa da zafinsa. Sukan tambayi dalilin zaɓen digiri 750 maimakon 900, da inda baƙin ƙarfen da ke cikin ƙasar ya tafi, da abin da zai faru in wuta ta ɗauke ana tsakiyar zubi. In ba ka san amsa ba, ka ce, “Ranka ya daɗe, ba mu lissafa wannan ba, amma ga yadda za mu bi mu lissafa,” ka nuna hanyar.

Ku buga rahoton kwana uku kafin ranar miƙawa, don shagunan buga takardu na cika maƙil a wannan makon. Babban zanen masana'antar ku fitar da shi a faffaɗar takarda da za a iya karantawa daga kujerar baya, tare da teburin layuka a ƙasansa, kowane ɗan rukuni kuma ya riƙe ƙaramin kwafi a hannu.